Asalin sunan MacGregor, da shekarun da doka ta hana a amsa shi

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Gilasgo ne ya turo tambaya, yace maƙwabcinsa wani dattijo ne mai suna MacGregor, kuma dattijon ya faɗa masa wai su jinin sarauta ne, wai kuma akwai lokacin da in ka amsa wannan suna a Skotland kashe ka za'a yi, shine yake so ya san ko gaskiya ne, sannan mene ne bambancin Mac da Mc da yake gani a jikin ƙofofin ofis.

Toh ɗan'uwa, maganar dattijon nan gida biyu ce. Ta haramcin suna gaskiya ce tsantsa, akwai ta a rubuce a kundin majalisar sarki har da rana da wata. Ta sarautar kuwa kirari ne, kuma ka san halin kirari.

Bari in fara da sunan kansa. A harshen Gelik, wato yaren mutanen tsaunukan arewa da yammacin Skotland, MacGriogair ake cewa. Mac ɗin nan ba komai bane illa "ɗan", irin dai yadda muke cewa ɗan Fodiyo ko ɗan Masani, Griogair kuma shine yadda bakinsu ya juya sunan Gregory, suna ne na Kirista da ya fito daga harshen Girka mai ma'anar wanda yake a faɗake, wanda bai yi barci ba, ya yaɗu a Turai saboda fafaroma da waliyyan coci da suka amsa shi. Kenan MacGregor ɗan Giregori ne kawai. In mace ce kuma a Gelik ba'a ce mata Mac, Nic ake cewa, NicGriogair, sai dai da aka koma rubuta komai da Turanci sai aka haɗe maza da mata duk aka maƙala musu Mac. Shi kuma Mc da kake gani taƙaitawa ce ta magatakarda, a tsofaffin takardu har M' zaka gani da 'yar waƙafi a sama, kuma mutum ɗaya sai a rubuta shi MacGregor a takardar haihuwa, McGrigor a ta aure, M'Gregor a ta haya. Zancen da ake yawo dashi wai Mc na 'yan Ailan ne Mac na 'yan Skotland, kar ka ɗauka, duk ƙasashen biyu suna da kowanne.

Maganar sarauta kuwa ga inda ta samo tushe. Kirarin dangin a Gelik shine 'S Rioghal Mo Dhream, ma'ana zuri'ata ta sarauta ce, suna cewa kakansu wani Griogair ne ɗan sarki Alpin, ɗan'uwan Kenneth MacAlpin wanda ake lissafawa a sarkin farko na Skotland kuma ya rasu a 858. Matsalar itace tsakanin wancan zamani da lokacin da dangin suka fara bayyana a rubuce akwai wajen shekara 500 da babu wata takarda da ta haɗa su, kuma ba su kaɗai ke wannan iƙirarin ba, dangogi irin su Grant da MacKinnon da MacNab da MacAulay duk suna jingina kansu da Alpin ɗin nan. Abin da masana tarihi suka fi natsuwa dashi shine Griogair ɗin da aka ɗauko sunan daga gare shi mutumin ƙarni na 14 ne, ɗansa kuma shine Iain Cam, wato Iain mai ido ɗaya, wanda aka rubuta rasuwarsa a 1390 a Glenorchy. Daga kansa ne silsilar ta zama abin da zaka iya bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma abin sha'awa su kansu 'yan dangin ne suka adana wannan tarihi, domin a farkon ƙarni na 16 wani malamin coci James MacGregor da ƙaninsa Duncan a garin Fortingall suka tattara waƙoƙin Gelik da jerin rasuwar manyan mutane a wani kundi wanda har yau yana cikin mafi daraja a adabin yaren. Ina faɗin wannan ne saboda in ka karanta abin da gwamnatin lokacin ta rubuta a kansu sai ka zata wasu jahilan ɓarayin daji ne kawai, alhali akwai malamai da mawaƙa a cikinsu.

Asalin mazauninsu kwaruruka uku ne a yankin Argyll kusa da tafkin Awe: Glenorchy da Glenstrae da Glenlochy. Kalmar glen da zaka yi ta gani kwari take nufi, irin mai tsawo tsakanin duwatsu, loch kuma tafki. Kuma a nan ne duk masifar ta faro, akan ƙasa. Mutanen tsauni suna da wata fahimta da suke kira dùthchas, wato in kakanninka sun zauna a wuri sun noma sun yi kiwo an binne su a ciki, to wurin naka ne ko babu rubutu. Sarakunan Edinbara kuma takarda mai hatimi kawai suka sani. Dangin Campbell, waɗanda suka tsaya wa sarkin Skotland Robert Bruce a yaƙinsa da Ingila, su suka gane wannan da wuri, suka yi ta karɓar takardun mallaka daga hannun sarki, yankin tafkin Awe ya shiga hannunsu tun farkon ƙarni na 14, a 1432 kuma aka damƙa Glenorchy ga wani reshensu wanda ya gina ganuwar Kilchurn a bakin tafkin. Sai aka wayi gari MacGregor suna zaune a ƙasar kakanninsu amma a matsayin 'yan haya. (Shi ma sunan Campbell laƙabi ne, cam beul, karkataccen baki, cam ɗin nan dai ta Iain Cam, Cameron kuma karkataccen hanci.)

Abin da mutane da yawa basu sani ba shine ba da gaba suka fara ba. Sama da shekara 100 MacGregor sune mayaƙan Campbell na Glenorchy, tare suka bazu gabas zuwa cikin Perthshire, su Rannoch da gefen tafkin Tay da Balquhidder, Campbell na karɓar takarda MacGregor na riƙe takobi suna zama a filin. Zaman ya lalace ne a zamanin Colin Campbell da ake wa laƙabi da Cailean Liath, Colin mai furfura, mutum mai tsananin son faɗaɗa mulki, wanda a shekarun 1550 ya samu ikon Glenstrae kanta, sannan da matashin shugaban dangin Gregor Roy ya kai munzali ya nemi a tabbatar masa da gadon ubansa sai Colin ya gindaya masa sharuɗɗan da ba mai mutunci da zai karɓa. Daga 1562 aka shiga kashe-kashe da ƙone-ƙone da kore shanu na kusan shekara 8, har aka kama Gregor aka fille masa kai a Balloch ranar 7 ga Afrilu 1570. Matarsa Marion kuwa 'yar Campbell ce, 'yar gidan Glenlyon, wato danginta ne suka kashe mata miji, ta tsara masa waƙar makoki a sigar waƙar rarrashin jariri wadda har gobe masu jin Gelik suna rera ta. Ni duk tarihin nan babu inda yake taɓa min zuciya kamar wurin matar nan, tana goye da ɗan wanda aka kashe, gidan ubanta kuma shine gidan maƙiyan.

Kaga mutanen da aka raba da ƙasa, babu takarda babu kotun da zata saurare su, me ya rage musu banda satar shanu da zama sojan haya ga duk wanda ya biya. Ba wanke su nake ba, sun yi ta'asa, a 1589 sun kashe wani mai kula da dajin farautar sarki ɗan gidan Drummond kisan wulaƙanci, kuma talakawan da aka kore wa dabbobi babu ruwansu da rikicin takarda. Amma wanda zai ba da labarin satar ya tsallake yadda aka kai su ga hakan bai yi adalci ba.

Abin da ya karya ƙashin bayansu shine yaƙin Glen Fruin, yamma da tafkin Lomond, ranar 7 ga Fabrairu 1603. Dangin Colquhoun na Luss (Kahun ake furtawa, kar rubutun ya ruɗe ka) sun riga sun kai ƙara wurin sarki James na 6 kan harin da aka kai musu, har ana ba da labarin mata sun je Stirling ɗauke da rigunan mazajensu jina-jina, sarki ya basu izinin ɗaukar makami. Da aka haɗu sai MacGregor ƙarƙashin shugabansu Alasdair na Glenstrae suka yi musu kaca-kaca, takardar tuhuma ta ce mutum wajen 140 aka kashe, wasu ruwayoyin suna kaiwa 200. Lokacin kuma ya zo musu a mafi muni, domin sarauniya Elizabeth ta Ingila ta mutu ranar 24 ga Maris, James zai tafi Landan ya gaji kujerarta, baya son Turawan Ingila su ga kamar ya kasa riƙe ƙasarsa. Ranar 3 ga Afrilu 1603, kwana biyu kafin ya bar Edinbara, majalisarsa ta zartar cewa an soke sunan MacGregor gaba ɗaya, duk mai shi ya ajiye ya ɗauki wani, wanda ya ƙi hukuncinsa kisa.

Ka tsaya ka duba wannan da kyau, ba mutum aka yanke wa hukunci ba, ba ma waɗanda suka je yaƙin kaɗai ba, suna aka yanke wa. Dabarar a fili take, a wannan ƙasa suna shine abin da ke haɗa mutane su tashi tare, in ka kashe sunan ka wargaza rundunar. Kuma a shari'ance wanda ba shi da suna ba zai sa hannu a yarjejeniya ba, ba zai kai ƙara ba, in an cuce shi babu inda zashi.

Shi Alasdair ya ɓuya kusan shekara, sai Earl na Argyll, babban Campbell, ya yi masa alƙawarin zai kai shi Ingila lafiya ya gana da sarki ya kare kansa. Aka raka shi har aka tsallaka iyaka a Berwick, aka ce to alƙawari ya cika tunda ƙafarsa ta taka Ingila, aka juyo dashi Edinbara. Ranar 20 ga Janairu 1604 aka rataye shi a tsakiyar kasuwar birnin tare da wasu 'yan uwansa, shi aka ɗaga nasa gungumen sama da na sauran saboda shine shugaba.

Bayan nan dokokin suka yi ta ƙaruwa. Aka sa lada akan kawunansu, har ɗan dangin da kansa zai iya samun afuwa in ya kawo kan ɗan'uwansa, wallahi wannan ita tafi muni a ganina domin amana ta cikin gida aka nufa. A 1611 aka ba da umarnin a yi wa matansu lalas a fuska da makulli mai zafi, ana raba yara da iyaye a kai su wasu gidaje su tashi da wani suna, a wasu dokokin kuma aka hana su riƙe makami sai wuƙar cin abinci marar tsini, aka hana su taruwa fiye da mutum 4 a wuri ɗaya, ana bin su da karnuka a cikin duwatsu. Majalisar dokoki ta tabbatar da haramcin a 1617, a 1633 zamanin Charles na 1 aka sake jaddada shi har da hana limaman coci yi wa yaro baftisma da sunan Gregor. Daga wannan zaman ɓuya a kan tsaunuka ne laƙabin 'ya'yan hazo ya bi su.

To ina suka shiga? Sunayen maƙwabta suka ara. Wasu suka zama Murray, wasu Drummond, wasu Graham, Stewart, Grant, wasu ma Campbell ɗin da ya kore su, ya danganta da ƙasar wane ubangida kake zaune ko kuma sunan gidan mahaifiyarka. A cikin gida da Gelik kowa ya san ko shi wane ne, a gaban hukuma da Turanci kuma wani suna daban. A 1661 Charles na 2 ya ɗage haramcin saboda sun yi wa gidan sarautar yaƙi ƙarƙashin jagoran yaƙi James Graham na Montrose a shekarun 1640, amma da aka kori gidan Stuart, wato zuri'ar su James da Charles, daga mulki aka ga MacGregor na bayansu sai sarki William ya maido da dokar a 1693, kuma bata tashi ba sai 1774. In ka cire shekara 32 na sararin da aka samu a tsakiya, kusan shekara 140 kenan sunan yana haramce.

Rob Roy da zaka ga hotonsa a shagunan 'yan yawon buɗe ido misali ne mai kyau na yadda abin yake a aikace. An haife shi a 1671 a Glengyle bakin tafkin Katrine, cikin wancan sararin, don haka da sunan MacGregor aka yi masa baftisma, Roy ɗin kuma ruadh ne wato ja, saboda jan gashinsa. Yana ɗan shekara 22 doka ta dawo, sai ya koma sa hannu da Robert Campbell, sunan gidan mahaifiyarsa. Falken shanu ne na gaske da ake yarda dashi, yana kuma karɓar kuɗin tsaro a hannun masu garke akan ba za'a taɓa musu dabba ba, har zuwa 1712 da kuɗin da ya karɓo na fatauci, ciki har da fam 1,000 da ake dangantawa da wani basarake Duke na Montrose, suka salwanta, aka ayyana shi wanda doka ke nema aka ƙwace masa gida da gona, shi kuma ya shafe shekaru yana rama wa akan shanu da kuɗin hayar Duke ɗin. A gadonsa ya mutu a ƙarshen Disamba 1734, shekara 40 kafin a halatta sunan. Shaharar da yayi a duniya kuwa marubuci Walter Scott ne ya jawo ta da littafin da ya fitar a 1817, kuma yawancin abin da ake faɗa akansa yau ya fi kusa da adabi akan tarihi.

Da aka ɗage dokar wasu suka koma sunansu, da yawa kuma basu koma ba tunda an haifi kaka da jika da sunan aro. Shugabancin dangin ya koma hannun John Murray na Lanrick wanda ɗaruruwan 'yan dangin suka sa hannu suka amince dashi, a 1822 kuma da sarki George na 4 ya ziyarci Edinbara, MacGregor ne aka ba rakiyar kambun sarautar Skotland a cikin jerin gwano, a birnin da aka rataye shugabansu. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar dangin da take nan har yau. Shi ma yadin nan mai gidan dara da ake cewa kowane dangi da nasa, yawancin tsarinsa daga wannan zamani ne na ƙarni na 19, ba wani abu bane da Iain Cam ya sani.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so ka riƙe game da maƙwabcinka. A Skotland suna ɗaya baya nufin jini ɗaya. Ko a dangogin da ba'a taɓa haramta musu komai ba, talaka yana ɗaukar sunan shugaban da yake zaune a ƙasarsa don neman kariya, kuma a tsaunuka sunan iyali tsayayye bai kafu sosai ba sai a makare, mutum da sunan ubansa da kakansa ake kiransa kamar yadda muke yi. A wurin MacGregor abin ya ninka, akwai jikokin Iain Cam na haƙiƙa da yau suke amsa Murray ko Drummond, akwai kuma masu amsa MacGregor da kakansu wani Giregori ne daban can. Gwajin DNA na layin uba da 'yan dangin suka yi ta yi a shekarun nan ya nuna haka, akwai babban rukuni da suka haɗa kaka ɗaya, akwai kuma masu sunan da yawa da basa cikinsa. Haka jerin sunayen da ake sayarwa a shaguna wai su Greig da Gregory da King da Black da White duk reshen MacGregor ne, wasu iyalan haka ne, amma wani Greig ɗin kakansa kawai Greg ake ce masa, wani Black ɗin baƙin gashi ne dashi. Sannan in ka haɗu da baƙar fata ɗan Jamaika mai suna McGregor, sau da yawa wannan daga gonakin rake ne na zamanin bauta inda 'yan Skotland da dama suka yi mallaka ko suka yi aikin kula da bayi, shima wani babi ne na tarihin sunan da bai kamata a ɓoye ba.

Mu ma sunan ya taɓa ratsowa ta wajenmu. Macgregor Laird, haifaffen Greenock a 1808, wanda ya shigo kogin Kwara da jiragen tururi a 1832 tare da mai binciken ƙasa Richard Lander, sunan gidan mahaifiyarsa ne aka sa masa a matsayin sunan yanka, al'ada ce tasu ta raya sunan ɓangaren uwa. Jiragen nasa biyu ɗaya Quorra ɗaya Alburkah, wato Kwara da Albarka, kalmarmu ce suka rubuta a bakinsu. Cikin Turawa 48 da suka taso 9 ne kawai suka koma, zazzaɓi ya cinye yawancin sauran. Shine kuma ya sa aka gina jirgin Pleiad da likita William Baikie ya hau Binuwai dashi a 1854 suna shan kwinin ba wanda ya mutu. Akwai kuma William MacGregor, likita ɗan Aberdeenshire da yayi gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904, wanda ya dage akan yaƙi da sauro da cike fadamu.

In dattijon yana so ya san nasa layin da gaske, ba daga kirari zai fara ba, daga kansa zai fara ya koma baya. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Skotland ta fara a 1855, kuma takardar mutuwarsu tana ɗauke da sunan uba da na uwa har da sunanta na gidansu, wanda hakan ke sauƙaƙa bincike sosai, ƙidayar jama'a mai sunaye ta fara a 1841, kafin nan sai rajistar coci-coci wadda a yankin tsaunuka take da giɓi da yawa, duk ana samunsu a shafin ScotlandsPeople na hukumar adana bayanai ta ƙasar. Inda zai sha wuya shine da ya haura 1774, nan sai ya riƙa neman inda magatakarda ya rubuta suna biyu a haɗe, kamar Drummond ko kuma MacGregor, ya kuma lura da sunan gona ko ƙauyen da suke zaune domin shi baya canjawa kamar sunan mutum. Kai kuma tunda kana Gilasgo, Balquhidder bata kai tafiyar awa biyu a mota ba, ka bi ta Callander, kabarin Rob Roy na nan a harabar tsohuwar cocin tare da na matarsa da 'ya'yansa biyu, an kuma kafa wani allo a kai daga baya mai cewa MacGregor ne ko sun ƙi ko sun so. Ka ɗauki dattijon ku tafi tare in yana da ƙarfin tafiya, ka tambaye shi a wane kwari kakansa ya taso.